Maganar hannu ba ta toshe bakin yaro kurma

A gidaje da yawa a Garwa da Marwa, arewacin Kamaru, idan yaro kurma ya fara nuni da hannu sai kaka ta kaɗe masa hannun: "Bari, kar bakinsa ya mutu!" Wai idan ya saba da hannu, ba zai taɓa buɗe baki ba.

Wannan kuskure ba namu ba ne mu kaɗai. A 1880, taron malaman kurame a Milan, ƙasar Italiya, ya yanke a daina koyarwa da hannu, sai da baki. Sai a 1960 William Stokoe, masanin harshe ɗan Amurka, ya nuna cewa maganar hannun kuramen Amurka harshe ce cikakkiya mai nahawunta. A 2010, a Bankuba, ƙasar Kanada, taron malaman kurame ya yi watsi da hukuncin Milan. Andrew Foster, kurma ɗan Amurka, da hannu ya koyar a makarantun da ya buɗe a Afirka, har da Kamaru da Chadi.

Abin da ke cutar yaro shi ne shekarunsa na farko su wuce babu wani harshe a kansa. Wanda ya samu maganar hannu da wuri ya san kowane abu da sunansa, karatun Faransanci sai ya zo masa da sauƙi.

A aji kuwa, malam ya zaunar da shi gaba, inda haske ke kan fuskar malam, kuma ya daina bayani yana fuskantar allo.