Kacici-kacicin canji a Damagaram: ina dala ɗaya ta shiga?

Me ya sa kacici-kacicin kuɗi ke kama har manya a nan Damagaram?

Saboda abin da ke rubuce a jikin kuɗi daban, abin da baki ke faɗa daban. Sefa ce a hannunmu, wadda aka ƙirƙiro a 1945, BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ke buga ta, amma da dala muke ƙirga, kuma dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa biyar. Sunan ma gado ne daga dalar azurfa ta Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake suka daɗe suna ciniki da ita. Ga wanda nake fara yi wa yara: "Ƙulin ƙulifit, an rubuta masa 100 a goshi, ana kiransa ashirin." Ƙarfen dala ashirin ke nan. Mai 25 dala biyar ne, mai 50 dala goma, mai 500 dala ɗari, jika kuwa dala ɗari biyu. Baƙo ya shiga kasuwar Dole a ce masa "ɗari", sai ya miƙa mai 100, mai kaya ya tsaya yana jiran saura huɗu.

Ƙarfe biyu ne a hannuna, jimillarsu dala goma sha biyar, ɗaya ba dala goma ba ne. Waɗanne ne?

Dala goma da dala biyar. Ɗaya aka ce ba goma ba ne, ba a ce duka biyun ba. Kunne ake gwadawa a nan.

To, dalar da ta ɓace wurin mai shayi fa?

Wannan shi ne sarkinsu, na ga ya hana fada guda, wato majalisar samari masu shan shayi, tashi har shayi na uku ya huce. Abokai uku kowa ya ba da dala goma, talatin ke nan. Mai shayi ya duba, ashe ashirin da biyar ne kuɗinsa, ya ba yaronsa dala biyar ya mayar musu. Yaro ya ba kowa dala ɗaya, ya soke biyu a aljihu. Sai mai tambaya ya ce: kowa ya biya tara, tara sau uku ashirin da bakwai, a ƙara biyun yaro, ashirin da tara. Ina ɗayar?

Babu abin da ya ɓace. Mai tambaya ne ya ɗora biyun yaro a kan ashirin da bakwai, alhali tuni suna ciki: ashirin da biyar a tiren mai shayi, biyu a aljihun yaro. Abin da ya kamata a ƙara shi ne ukun da suka koma hannun masu su, talatin ta cika. Idan yaron da aka yi wa tambayar ya ce "na ba ka gari", kada a gaya masa amsar nan take. A zube masa tsakuwa talatin a tabarma, ya raba da hannunsa.

Jikar jabu: nawa mai shago ya yi hasara?

Wani ya sayi sabulun dala sittin, ya ba da jika. Mai shago ba canji, ya karya ta wurin maƙwabci, ya mayar da dala ɗari da arba'in. Can maƙwabci ya dawo: "Malam, takardarka jabu ce." Mai shago ya biya shi jika mai kyau. Da yawa za su ce jika biyu ta tafi. Ɗaya ce. Maƙwabci ya ba da jika ya karɓi jika, ya fita daga lissafi. Abin da ɓarawo ya tafi da shi kaɗai ake ƙirgawa, sabulu da canji, dala ɗari biyu cif.

Wa ya fi dacewa a yi wa irin waɗannan?

Yaran da ake aike, da 'yan mata masu tallan ƙosai da gyaɗa. Su ne mai wayo ke ruɗawa da "ba ni wancan, karɓi wannan" har dala goma ta salwanta, a gida kuma faɗa na jiransu. Ni da daddare nake zube wa nawa ƙarafa, in ce ƙanwar ta zama mai kaya, yayan ya zo saye da jika.