Renon Matashin Ɗan Baya a Ƙwallon Ostireliya: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin wasa ne wannan, kuma mene ne aikin ɗan baya a cikinsa?

Ƙwallon Ostireliya wasa ne da aka rubuta dokokinsa na farko a birnin Melbourne a shekarar 1859, kuma babbar gasarsa a yau ita ce AFL, mai ƙungiyoyi 18. Ana buga shi a fili mai siffar ƙwai wanda tsawonsa kan kai mita 135 zuwa 185, kowane ɓangare da 'yan wasa 18, ita ma ƙwallon siffar ƙwai gare ta. A kowane ƙarshen fili akwai turaku huɗu. Idan aka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin na tsakiya biyu ba tare da wani ya taɓa ta ba, an ci maki 6, idan kuwa ta bi tsakanin turken tsakiya da na gefe ko aka taɓa ta, maki 1 ne kawai. Babu gola, kuma babu satar gida.

Abin da ya fi shafar ɗan baya shi ne dokar cafka, wadda 'yan wasan ke kira mak. Duk wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nisan aƙalla mita 15 kafin ta taɓa ƙasa, ya sami damar tsayawa ya buga ta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ke nan idan ɗan gaba ya yi cafka a kusa da turaku, kusan an gama magana. Aikin 'yan baya shida shi ne su hana hakan, kuma ba duka ke aiki iri ɗaya ba: akwai dogaye masu tare manyan 'yan gaba, akwai gajeru masu bin masu zafin nama, akwai kuma waɗanda ke ɗaukar ƙwallo daga baya su kafa hari.

Ta wace hanya yaro ke bi kafin ya kai AFL?

Yawanci yakan fara da shirin yara da ake kira Auskick, ya wuce ƙungiyar unguwa ko ta makaranta, sannan gasar 'yan ƙasa da shekara 18 ta jiharsa. A watan Oktoba ana tara fitattu a auna gudunsu na mita 20, da juriyarsu a gudun kilomita 2, da tsallensu. A watan Nuwamba kuma sai a yi zaɓen sabbin 'yan wasa, wanda aka fara a 1986, inda ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi ke fara ɗauka. Ba a sayen yaro da kuɗi kamar yadda aka saba a ƙwallon Turai. Ƙungiyar da ta kira sunansa, can zai tafi, ko da kuwa tana ɗaya ƙarshen ƙasar.

Me ya sa ake cewa dogon ɗan baya ba ya ƙosawa da wuri?

Dalili na farko jiki ne. Yaro ɗan shekara 18 yana iya kai tsayin babban mutum, amma bai yi kaurinsa ba, alhali kuwa ɗan gaban da za a ce ya tare yakan kai kusan mita 2 a tsayi da nauyin kusan kilo 100, kuma ya shafe shekaru yana koyon yadda ake ture mutum da ƙugu ba tare da alƙalin wasa ya busa ba. Ƙarfin da ake buƙata don tsayawa kafaɗa da kafaɗa da irin wannan mutum ba ya samuwa a damina ɗaya. Sai an yi shekara uku ko huɗu ana ɗaga ƙarfe a lokacin hutun gasa, kuma a hankali, domin idan aka gaggauta wa dogon yaro nauyi, ƙafafunsa da bayansa ne ke biyan kuɗin.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko girma, shi ne kuskuren ɗan baya ba ya ɓoyuwa. Ɗan tsakiya zai iya zubar da ƙwallo sau biyar a manta, shi kuwa ɗan baya idan ya makara da taku ɗaya, maki 6 ne a allo, ga dubban mutane suna kallo. Shi ya sa ƙungiyoyi kan ajiye shi a ƙaramar gasa ta jiha, kamar VFL ko SANFL ko WAFL, ya yi ta karawa da manyan mutane a inda idanu ba su yi yawa ba. Alex Rance na Richmond misali ne: an zaɓe shi na 18 a 2007, bai buga wasan farko ba sai 2009, kuma bai shiga tawagar gwarazan shekara ba sai 2014. Daga nan kuwa ya shige ta sau biyar a jere.

Me ake fara koya masa?

Ana fara koya masa hanawa kafin cafka. Idan ƙwallo ta taso sama kuma ɗan gaba ya riga shi wuri, ba a so ya yi gardamar cafewa. Ana so ya dunƙule hannu ya doke ta daga baya, ya kuma aika ta gefen fili, nesa da turaku. Abin yana da sauƙin faɗi. A aikace sai ya sa ƙirjinsa a jikin abokin karawarsa don ya ji motsinsa ba tare da ya kalle shi ba, idonsa na kan wanda zai bugo ƙwallon, ya bar tsallen sai daƙiƙar ƙarshe, sannan ya zura hannun da ya fi kusa da ƙwallo ta saman kafaɗar mutumin. Idan ya tura shi ta baya, laifi ne. Idan ya sare masa hannuwa maimakon ƙwallo, laifi ne. Idan ya riƙe masa riga, nan ma laifi ne, kuma kowanne daga cikinsu bugun kyauta ne a bakin turaku.

Sai kuma bugun ƙafa, wanda a da ba a cika damuwa da shi ga 'yan baya ba. Yanzu hari daga baya yake farawa, kuma tun da aka sauya doka a 2019 aka bar mai dawo da ƙwallo bayan an ci maki 1 ya fito da ita da gudu kai tsaye, ɗan bayan da ba ya iya kai ƙwallo hannun abokinsa ya zama kaya ga ƙungiyarsa.

Yaushe ake ƙyale shi ya bar mutuminsa?

A nan ne ake gane ko reno ya yi. Manyan 'yan bayan zamanin nan suna karanta inda ƙwallo za ta sauka, su saki wanda aka ba su, su je su cafe ta a gaban wani. Wanda ya yi daidai ya kashe hari ya kuma kafa nasu. Wanda ya yi kuskure ya bar mutum shi kaɗai a gaban turaku. Koci ba zai iya rubuta wa yaro ƙa'idar wannan a takarda ba, sai dai ya zaunar da shi gaban bidiyo duk mako, a tsayar da hoton a tambaye shi me ya gani a lokacin da ya tafi, me kuma ya hana shi tafiya a wani karon.

A wasan ƙarshe na 2018, saura kimanin minti biyu a tashi, Collingwood na gaban West Coast da maki 2, sai aka bugo ƙwallo cikin gidan West Coast. Jeremy McGovern ya bar mutuminsa ya tashi sama ya cafe ta, bai tsaya ba ya aika ta gaba, ta bi ta hannun mutum biyu ta isa ga Dom Sheed, wanda ya ci daga gefen fili. West Coast ta ɗauki kofin da maki 79 da 74. Shi wannan McGovern, an ɗauke shi ne a ƙaramin zaɓe na ragowar waɗanda aka tsallake a ƙarshen 2010, kuma sai a 2014 ya fara buga wa babbar ƙungiyar wasa.

Akwai wanda tafiyarsa ta nuna matakan nan duka?

Aliir Aliir. An haife shi a 1994 a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, iyayensa 'yan Sudan ta Kudu ne, ya isa Ostireliya yana yaro. A jihar Queensland an fi sa shi tsallen tsakiyar fili, wato tsallen neman ƙwallon da alƙalin wasa ya jefa sama, saboda tsayinsa, kuma ba wanda ya ɗauke shi a zaɓen 2012. Da ya koma Perth ya shiga ƙungiyar East Fremantle aka mayar da shi baya, sai Sydney ta zaɓe shi na 44 a 2013. Ya shafe kaka biyu cur a ƙaramar ƙungiyarsu kafin ya fara buga AFL a 2016, kuma a shekarar ce rauni a gwiwa ya hana shi buga wasan ƙarshe da ƙungiyarsa ta kai. Bayan haka ya yi ta shiga da fita, har a 2019 aka riƙa mayar da shi tsallen tsakiya don cike giɓi. A ƙarshen 2020 ya koma Port Adelaide, inda aka sakar masa mara ya riƙa barin mutuminsa yana tsinke ƙwallo a sama, kuma a kakarsa ta farko a can ya shiga tawagar gwarazan shekarar 2021. Kusan shekara takwas ke nan daga ranar da aka kira sunansa.

Zaɓen yaro da wuri yana tabbatar da zai yi fice?

Ba ya tabbatarwa. Carlton ta ɗauki Jacob Weitering na 1 a 2015, ya fara wasa tun makon farko na 2016, amma ya sha fama a shekaru biyun da suka biyo baya kafin ya zama gwarzon ƙungiyarsa a 2020. Harris Andrews kuwa na 61 Brisbane ta ɗauke shi a 2014, ya shiga tawagar gwaraza a 2019 da 2020, kuma yana ɗaya daga cikin kyaftin biyu da suka ɗaga kofi a 2024.

To da me ake auna ci gabansa, tunda ba shi ke cin maki ba?

Ba a duba yawan taɓa ƙwallonsa, domin ɗan baya zai iya taɓa ta sau takwas kacal a wasa kuma ya fi kowa aiki. Masu horarwa suna ƙirga karon da aka bar shi shi da ɗan gaba su biyu kawai, da sau nawa aka rinjaye shi, da yawan ƙwallon da ya doke ko ya tsinke, da makin da wanda yake tsaro ya ci. Suna kuma sauraron muryarsa, domin wanda ke can baya shi ke ganin fili duka, kuma ranar da yaro ɗan shekara 21 ya fara daka wa manyansa tsawa yana nuna musu inda za su tsaya, kocinsa ya san ya fara fahimtar wasan.

Akwai kuma abin da ake sa wa ido wanda ba ƙwarewa ba ne. Ɗan baya kan koma da baya da gudu cikin taron mutanen da ke tahowa, idonsa a sama, don haka buguwar kai ta yi yawa a wannan gurbi. Tun 2021 duk ɗan wasan AFL da ya sami girgizar ƙwaƙwalwa sai ya huta aƙalla kwana 12, a ƙananan gasa kuma an kai shi kwana 21 tun 2024. Jeremy McGovern kansa ya ajiye wasa a 2025 bisa shawarar likitoci saboda wannan matsala.