Baƙin zaren da ke fuskar rana ba tsaga ba ne

Ko a Abuja, da an nuna hoton rana sai ka ji wani ya ga baƙin zaren da ke kwance a fuskarta ya ce ta tsage. Sam. Gas ne mai kauri, zafinsa kusan digiri 8,000, maganaɗisun rana ya rataye shi cikin sararin da ke kewaye da ita, wanda zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya. In juyawar rana ta kai shi gefe, haske yake yi.

Na'urar Nobeyama a Japan, mai farantan eriya 84 masu kama siginar rediyon da rana ke fitarwa, ta riƙa ganin duhun zaren a zangon 17 GHz (GHz ma'aunin saurin kaɗawar sigina ne). A zangunan da suka fi wannan tsawo kuwa duhun kan fi zaren faɗi, saboda wani kogo da ke kewaye da shi. Kogon nan ba fanko ba ne, gas ɗinsa ne ya yi ƙaranci, shi ya sa siginar rediyonsa ke raguwa.