Motsin sarƙoƙin polima mai taurin gilashi idan an ja ta ko an matsa ta

Polima mai taurin gilashi roba ce wadda dogayen sarƙoƙin ƙwayoyinta suka daskare a cukurkuɗe, ba su jeru a tsari ba. Daga cikinta akwai polistirin, da akirilik da aka fi sani da Plexiglas, da polikabonet da ake yin faifan CD da ita. Kowacce tana da zafin da take laushi idan ta haura shi: kimanin digiri 100 na Salsiyas ga polistirin, kusan 147 ga polikabonet. Ƙasa da haka da ƙyar sarƙoƙin ke motsi, amma ja ko matsi kan sa su zame ko ba a ɗumama su ba.

Tarihin bincike

A 1936 masanin kimiyya Henry Eyring ya kawo ra'ayin cewa kowane ɓangaren sarƙa yana da shingen da sai ya tsallake kafin ya sauya wuri, kuma ƙarfin da aka ɗora wa abu yana rage tsayin shingen ta gefe ɗaya. Wani masani, Robertson, a 1966 ya danganta lamarin da lanƙwasar gaɓoɓin sarƙa, Ali Argon kuma ya fito da nasa bayanin a 1973. Shekaru da yawa duk lissafi ne, ba a auna motsin kai tsaye ba. A 2009 ƙungiyar Mark Ediger ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ta zuba ƙwayoyin rini cikin akirilik, ta bi juyawarsu da hasken lesa ana tsaka da jan robar. Motsin ya ninka har kusan sau 1,000, sannan ya lafa bayan an sauke nauyin.

Tsufa

Wani masani mai suna Struik ya nuna a 1978 cewa irin wannan roba tana "tsufa" a ajiye: sarƙoƙin na ƙara matsewa a hankali, sai ta ƙara tauri da saurin karyewa. Wasu masana na ganin murɗa ta da ƙarfi yana mayar da ita sabuwa, wasu sun ce wani hali ne dabam take shiga.

Karyewa

Farin tabon da ke fitowa idan an lanƙwasa rular roba ƙananan tsagogi ne, da siraran zaruruwan sarƙa riƙe da bakinsu biyu. Polistirin kan bi wannan hanya ta tsinke. Polikabonet, da sarƙoƙinta suka fi harɗewa, takan miƙe ta sirance tukuna, shi ya sa ake yin gilashin hular kwano da ita.