Sanyin Ruwa a Lokacin Hunturu: Kira ga Masunta da Masu Yasar Rijiya

Hunturu ya kankama. A Maraɗi, cikin Disamba da Janairu, akan wayi gari ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15, amma aikin ruwa ba ya tsayawa. Masunta a tafkin Madarunfa suna shiga tun da asuba, masu yasar rijiya suna sauka, masu noman rani a Jiratawa suna wuni cikin ruwa da laka. Da ku nake magana, ƴan'uwa, a matsayina na ma'aikacin lafiya.

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Da zarar ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, shi ya sa ko ruwan da ba ya da sanyi sosai, in an daɗe a ciki sai ya kayar da ƙato. Masu yasar rijiya sukan ce ai ruwan rijiya da ɗumi yake da safe. Gaskiya ne, amma ɗuminsa bai kai na jini ba, a hankali yake cin mutum.

Masu nutso a teku goye da tukunyar iska sun daɗe da gane wannan. Tun 1943 da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a Faransa, mutum ya samu damar daɗewa a ƙarƙashin ruwa, sai sanyi ya zama abin da ke koro shi. Maganin da aka samo shi ne riga ta roba mai ƙananan kumfan iska a ciki, wadda ke manne wa jiki. A ruwa mai ɗumi sukan sa mai kaurin milimita 3, a mai sanyi milimita 7, har da hula da safar hannu. In sanyin ya tsananta sai su sa wadda ruwa ba ya ratsa ta sam, da tufafi masu kauri a ciki. Duk da wannan shiri, ƙa'idarsu ɗaya ce: wanda ya fara rawar ɗari, nutso ya ƙare, sai a fito.

Mu ba mu da irin rigar, kuma ba zan ce masunci ya sayo ta ba. Amma ƙa'idar kyauta ce. Rawar ɗari alama ce jiki yana faɗa da sanyi. In aka yi biris, yatsu su sandare har mutum ya kasa ɗaure igiya, magana ta fara harɗewa, tafiya ta zama tangaɗi, barci ya riƙa fizgarsa. Mafi muni shi ne rawar ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba. Wannan ba sauƙi ba ne, ƙarfin jiki ne ya ƙare. Kuma da yake sanyi yana taɓa hankali, wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen ganewa. Don haka kada kowa ya shiga shi kaɗai. Wanda ke riƙe da igiya a bakin rijiya ya riƙa jan na ciki da hira, yana sauraren yadda yake amsawa.

Inda aka fi sakaci shi ne bayan fitowa. Mutum ya tsaya cikin iskar hunturu da jiƙaƙƙen wando yana cire kifi daga taru. Yadda iska ke sanyaya ruwan randa, haka take yi wa jiki mai jiƙaƙƙun kaya. A ajiye busassun tufafi da rawani ko hula a bakin ruwa, a canza nan take, a samu wurin da iska ba ta bugawa. A ci abinci kafin shiga, a sha kunu ko shayi mai sukari bayan fitowa. In da hali, a bari rana ta ɗaga.

Taramol da giya ba sa maganin sanyi. Giya tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali ɗumin fita yake yi. Taramol yana rufe gargaɗin jiki, yana kuma iya jawo farfaɗiya, ga mutum a tsakiyar ruwa.

Iyaye, yara sun fi manya saurin yin sanyi, kada a tura su kamun kifi da sassafe.

In an fito da wanda sanyi ya kama, a kwantar da shi a hankali bisa tabarma ko buhu, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai tukuna. Kada a murza hannuwa da ƙafafu, kada a tsoma shi a ruwan zafi. In yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi; in ba ya gane mutane, kada a ɗura masa komi, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa. Kuma kada a kulle shi a ɗaki da garwashin gawayi, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.