Gizo, inuwa da Carl Jung: tambayoyi kan ɓoyayyen tunani

Duk mai zama a fadar samari a Zango ko Birni, unguwannin Damagaram, ya san yadda gardama ke tashi kafin shayi na biyu ya nuna. Kwanan baya maganar Jung ce ta taso a tamu, daga bakin wani ɗalibin jami'ar André Salifou. Ga abin da aka fi tambaya.

Wane ne Jung ɗin?

Likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Suwizalan, an haife shi a 1875, ya rasu a 1961. Ya haɗu da Sigmund Freud, wani shahararren likita mai nazarin tunani, a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1907, suka raba gari a 1913.

Me ya raba su?

Dukansu sun yarda akwai sashen tunanin da mutum bai san da shi ba, alhali shi ke juya shi. A ganin Freud, yawanci abin da mutum ya danne ne tun yarinta. Jung ya ce ƙarƙashin wannan akwai wani rumbu na gado, wanda 'yan Adam duka suka yi tarayya a kai. A ciki ne tsofaffin siffofi suke, waɗanda ya kira akitaif: uwa, tsoho mai hikima, jarumi, mayaudari.

Akwai misali a wajenmu?

Gizo mana! Ga wayo ga kwaɗayi, ya damfari kura yau, gobe dabararsa ta kai shi ta baro, Ƙoƙi na kallo. Mutanen Akan na Gana suna da nasu, Anansi, shi ma gizo-gizo ne. Girkawan da suna da Hamis, wani abin bautarsu mai wayo. Jung zai ce ba wanda ya kwaikwayi wani, ƙirar zuciyar ce ɗaya.

To, mece ce inuwa?

Nan ne na fi jin maganarsa. Kowa yana da fuskar da yake fita da ita, wadda Jung ya kira fasona, daga sunan abin rufe fuskar 'yan wasa a Latin. Halin da bai dace da fuskar nan ba, hassada ko rowa ko tsoro, sai a tura shi baya. Shi ne inuwa. Ba ya mutuwa. Sai mutum ya dinga hango shi a jikin wasu, ya tsani maƙwabcinsa kan abin da ke cikinsa. Masu cewa laifi tudu ne sun riga Jung gani.

Aljanu yake nufi?

A'a. Siffofin tunani yake nufi, masu fitowa a mafarki da tatsuniya.

Kimiyya ta tabbatar da wannan?

Ba ta tabbatar ba. Da wuya a gwada rumbun gadon nan, shi ya sa masu binciken halayya a yau suka fi dogara da wani ma'auni mai kasa halin mutum zuwa manyan halaye biyar. Ni ma ina da ja. Damagaram zangon fatake ce tsakanin Kano da Agadas, kuma ayari ba gishiri da fata kaɗai yake ɗauka ba, har da labari. Mai yiwuwa wasu tatsuniyoyin sun yi kama ne don sun bi raƙuma.