Waiwaye: Hasumiyar Fitilar Eddystone, Gini Huɗu a Tsakiyar Teku

Duwatsun Eddystone suna cikin teku, kusan kilomita 22 kudu da Plymouth a Ingila. Idan ruwa ya cika sai su kusa nutsewa, matuƙin jirgi ba ya ganinsu sai ya hau kansu. Shi ya sa aka dage sai an kafa fitila a wurin.

Henry Winstanley ne ya fara, da hasumiyar katako da aka kunna a 1698. Ta sha ado da baranda, iska da igiyar ruwa suka sami abin kamawa. Guguwar Nuwamban 1703 ta share ta, har da shi maginin a ciki. Ta John Rudyerd, wadda aka kammala a 1709, sumul take, ruwa na zamewa a jikinta. Sai dai katako da kyandir ba sa zama lafiya: a Disamban 1755 wuta ta kama daga saman, darmar rufin ta narke tana zubo wa masu gadi.

Aikin John Smeaton, wanda ya gina hasumiya ta uku da dutse, shi ne ya fi cancantar a tsaya a kai. Ya ba ginin siffar bishiya, gindi mai faɗi da nauyi, yana tsukewa zuwa sama. An sassaƙa kowane dutse da haƙora yadda zai cije na kusa da shi, na ƙasa kuma suka cije dutsen tekun kansa, don kada igiya ta zare guda ɗaya. Saura abin ɗaurin, tunda farar ƙasa da aka saba gini da ita ba ta kamawa a jiƙe. Smeaton ya gano cewa dutsen farar ƙasa mai gauraye da yumɓu, in an ƙona shi, yana daskarewa ko a cikin ruwa. Ya haɗa shi da tokar dutse mai aman wuta daga Italiya. A Oktoban 1759 aka kunna kyandir 24.

Ginin bai gaza ba, dutsen da ke ƙarƙashinsa ne ruwa ya rarake, har hasumiyar na girgiza in babbar igiya ta doke ta. Aka kwashe samanta aka sake ɗorawa a tudun Plymouth Hoe. Kututturen na nan cikin teku.

Ta yanzu, mai tsayin mita 49, James Douglass ya gina ta a wani dutsen kusa, aka kunna ta a 1882. Tun 1982 ba mai kwana a ciki, masu gyara da jirgi mai saukar ungulu suke sauka a samanta.